Ya cin man ƙasar nan yake?

Makon jiya na raka ƙanena sayen babur na hannu. Mai babur ɗin na ta yabon fenti da sabuwar taya, ƙanena ko kallonsu bai yi ba. Tambaya ɗaya ya yi: "Alhaji, ya cin mansa?" Aka ce masa ai wannan shaƙa kawai yake yi. Bai yarda ba. Ya sa aka juye tankin, aka zuba lita ɗaya cif, ya hau ya miƙi hanyar Batagarawa ya dawo, ya sake komawa, idonsa na kan mita. Sai da ya ga inda litar ta kai shi sannan aka zauna ciniki.

Ina tsaye a gindin bedi ina jiransa, abin ya tsaya mini a rai. Tambayar da yaro ɗan shekara ashirin da biyu ya san ya yi wa babur, mu manya ba mu taɓa yi wa ƙasarmu ita ba. Alhali ƙasa ma tana da cin mai, kuma masana tattalin arziki sun daɗe suna auna shi. Sukan tara duk makamashin da ƙasa ta ƙona a shekara, fetur da gas da iskar gas da wutar lantarki da itace da gawayi, su raba shi da jimillar arzikin da ta samar a wannan shekarar. Abin da ya fito shi ke nuna yawan makamashin da ƙasar ke ci kafin ta haifar da dala ɗaya. Idan lambar ta yi sama, ƙasar tamkar babur ce mai zuƙar lita biyu kafin ta kai ka inda wani ke kai ka da ɗaya.

Mu a nan kukanmu ɗaya ne kullum: a ƙaro wuta, a rage kuɗin mai. Kuma kukan na kan hanya, ba na musu. Ƙasa mai mutum sama da miliyan 200 tana rarraba megawat dubu huɗu zuwa biyar a mafi yawan kwanaki, duk da cewa tashoshin da aka kafa a takarda sun kai wajen dubu goma sha uku. Idan aka raba wutar da ake sha a Najeriya ga kowane mutum, rabonsa a shekara guda bai kai yunit 200 ba. Firji ɗaya na gida yana iya cin fiye da haka. Wanda ya zauna a Katsina cikin watan Oktoban 2024, lokacin da Arewa ta yi sama da mako guda a cikin duhu bayan manyan layukan da ke kawo mana wuta sun samu matsala, ba sai an ba shi labarin yunwar makamashi ba.

Abin da ke damuna shi ne, ɗan abin da muke samu ɗin ma, mafi yawansa ba ya zama abinci. A hanya yake tsiyayewa. Muna fama da ƙishirwa, kuma da kwando muke ɗibar ruwan.

Bari in fara da shagon yayana, don nan na fi sani. Tela ne, yana da kekunan ɗinki na lantarki da keken aiki guda da dutsen guga, da yara huɗu a ƙarƙashinsa. Ni nake duba masa littafin kuɗi. Duk goman ƙarshe na azumi, lokacin da ɗinkin Sallah ya taru har kan tabarma, ƙaramin janareta ne ke riƙe da shagon daga bayan tarawihi har sahur. Yana ajiye shi a bakin ƙofa, ya ɗora a kan tsohuwar taya saboda girgiza. In ka kai hannu kusa da salansar sai ka janye. Zafin nan da ka ji, da ƙarar da ta hana maƙwabta barci, da hayaƙin da ke sa yaran tari, duk kuɗin Yaya ne ke tashi sama.

Ga lissafin a sauƙaƙe. Lita ɗaya ta fetur tana ɗauke da ƙarfin da ya kai kimanin yunit tara na wuta. Ƙaramin janareta, in yana da lafiya kuma an ɗora masa kaya daidai ƙarfinsa, da ƙyar ya ba ka yunit biyu daga cikin taran nan. Sau da yawa ma ba ya kaiwa, musamman in an tayar da shi don ƙwai biyu da fanka. Sauran bakwai ɗin zafi ne da ƙara. Babbar tashar wuta mai aiki da iskar gas, ko tsohuwar yayi ce, tana mayar da kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da ta ƙona ya zama wuta, ta zamani kuwa tana haura rabi. Ka ga duk lokacin da aka ɗauke wuta, dubban shaguna suka ja igiyar janareta, ƙasar ta koma ƙona mai ninki biyu ko uku don ta yi aikin da ta saba.

A watan Afrilun 2024, da aka ɗaga kuɗin wutar 'yan rukunin A daga kusan naira 68 zuwa naira 225 kowane yunit, bisa alƙawarin wutar awa ashirin a rana, gari ya ɗauka, kuma ban ga laifin masu kuka ba. Amma na zauna da littafin Yaya a ƙarshen shekarar, lokacin da litar fetur ta haura naira 1,000, na nuna masa cewa yunit ɗin da janaretansa ke ba shi ya fi naira 500, ban da kuɗin baƙin mai da filogi da bakanike. Ya yi shiru, sannan ya ce, "To ƙanena, in yi yaya? In ce wa masu kaya su jira a kawo wuta?" Ban da amsar da zan ba shi. Kuma wannan ne ya sa nake jin zafi idan na ji wani yana cewa wai mutanenmu ba su san tattali ba. Mutumin da ke tara ƙyallen da ya rage ya haɗa wa 'yarsa riga, shi za a koya wa tattali? Kayan aikin da aka bar shi da su ne ke yin ɓarnar, shi biya kawai yake yi. Daga shi kuma kuɗin ya hau kan ɗinki, ya sauka a aljihun magidancin da ke da 'ya'ya bakwai da za a yi wa kayan Sallah.

Sai dai duk wannan maganar ta fetur da lantarki ƙaramin ɓangare ne na labarin, kuma ina ganin saboda mu maza ne ke yawan rubutu shi ya sa muke tsayawa a nan. Babban kaso na makamashin da Najeriya ke ƙonawa ba ya bi ta waya, ba ya bi ta gidan mai. A madafi yake ci. Itace ne da gawayi da kara.

Na tashi ina ganin Inna a gaban murhu mai duwatsu uku. Ta tura itace, ta sunkuya ta hura, ta ɗago idanunta jajir tana share hawaye da gefen mayafi. Harshen wutar na fita ta kowane gefe yana lasar iska, tukunyar na samun abin da ya samu. Waɗanda suka auna irin wannan murhu sun nuna cewa kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari ne kawai na zafin ke shiga tukunya. Wato a ɗaurin itace goma da aka sara, aka ɗora wa jaki ko aka loda wa mota, aka shigo da su gari, aka saya da kuɗin gumi, ɗaya ne da ɗan wani abu ya dafa tuwo. Sauran sun baƙanta bango, sun shiga huhun uwa da na jaririn da ke goye a bayanta.

Kuma mu ne a bakin hamada. Wanda ya bi hanyar Daura zuwa Zango ko Mai'aduwa ko Baure, ya tambayi dattawan wurin yadda gonakinsu suke cike da gawo da kirya da marke a da, zai gane inda itacen nan ke fitowa. Itace ya yi nisa, ya yi tsada, har mata a ƙauyuka sun koma ƙona karan dawa da kashin shanu, abubuwan da ya kamata su koma gona su zama taki. Gona ta rasa taki, amfani ya ragu. Ka duba yadda abin ya zagayo: makamashin da aka ƙona ya ƙaru, arzikin da aka samu ya ragu. Da ma cin man ƙasa ke nan, ba wani abu ba.

An taɓa yin wani shiri da Tarayyar Turai ta ɗauki nauyi a ƙananan hukumomi bakwai na shiyyar Daura, aka koya wa mutane gina murhun yumɓu mai tsimin itace, aka kuma ƙarfafa renon itatuwan da ke tsirowa da kansu a gona. Irin aikin da ya dace da mu ke nan, domin yumɓu namu ne, magina tukwane namu ne. Na saya wa Inna irin wannan murhu. Da farko ta ƙi, ta ce ba zai riƙe tukunyar tuwon gidan nan ba in ana tuƙi. Gaskiya ta faɗa, wanda na fara kawowa ƙarami ne. Da na kawo babba mai gindin zama, ba ta yaba ba, amma bayan mako biyu na ji tana ce wa mai itace ya rage zuwa, wanda ke nan bai ƙare ba. Duk mai son a sauya murhu a ƙasar Hausa, ya fara zama kusa da mai tuƙa tuwon mutum ashirin ya ga yadda muciya ke aiki.

Na noman rani ma haka yake. Manomi a bakin madatsar Jibiya ko Zobe ko Sabke ko Daberam ya kwashe wata uku yana zuba wa injin ban-ruwa fetur, tumatir ya nuna, aka zuba a kwanduna, aka ɗora wani kan wani a bayan tirela, aka kama hanyar Kudu kwana biyu ko uku cikin rana. Kafin a isa, na ƙasa ya zama ruwa yana ɗiga a kwalta. Duk kwandon da ya ruɓe ya tafi da fetur ɗin ban-ruwansa, da takin zamanin da shi ma da iskar gas ake yin sa, da gas ɗin tirelar da ta ɗauko shi. Ɗakin sanyi ɗaya a bakin fadama, ko masana'antar markaɗe da ke aiki da gaske, makamashi za su ci, amma abin da za su ceto ya ninka abin da za su ci. Dalilin da ya sa nake bin labarin layin dogon Kano zuwa Maraɗi ke nan, mai tsawon kilomita 284, wanda aka ƙaddamar da aikin gina shi a Fabrairun 2021 kuma zai ratsa Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Jirgin ƙasa na ɗaukar tan ɗaya na kaya da kashi ɗaya cikin uku na man da tirela ke ci, ko ƙasa da haka. Fatana a sa wa kaya ido a kansa kamar yadda ake sa wa fasinja, don buhunan hatsi da siminti da dabbobi ne za su nuna amfaninsa.

Akwai kuma wanda muka jawo wa kanmu da hannunmu. Gidan kakanmu a cikin gari na tubali ne, katanga mai kauri, rufin azara. A watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40 a waje, ka shiga soron nan ka ji kamar ka leƙa randa. Mun rushe irinsu mun gina bulo siriri, mun rufa da kwano, wani ko silin babu, sannan muka shiga neman fanka da na'urar sanyaya ɗaki da janaretan da zai ja su. Ban ce a koma zaman da ba. Amma ilimin da ya riƙe hasumiyar Gobarau tsawon ɗaruruwan shekaru bai cancanci a jefar da shi gaba ɗaya ba, kuma magina da masu zanen gidaje na zamani suna iya ɗaukar kauri da inuwa da mashigar iska su sa a ginin yau.

A nan dole in ja kunnen kaina da na mai karatu, domin wannan ma'aunin yana iya ruɗin mutum. A watan Afrilun 2014 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta sabunta yadda take lissafa arzikin Najeriya, jimillar ta tashi daga kusan dala biliyan 270 zuwa kusan biliyan 510, muka wuce Afirka ta Kudu. A takarda, cin makamashin ƙasar ya faɗi kusan da rabi a dare ɗaya, alhali ko tsinken itace ɗaya ba a tsimi ba. Haka nan lambar tana sauka idan masana'antu suka mutu. An gina kamfanin mulmula ƙarfe na Katsina a farkon shekarun 1980, tare da na Jos da na Osogbo. Irin wannan masana'anta mai cin wuta ce ƙwarai. Ranar da irinta ta rage aiki, ko masaƙun Kaduna suka rufe, lambar ƙasa za ta yi kyau a ido, magidanta kuwa su koma gida hannu rabbana. Ƙasar da arzikinta ya dogara da bankuna da agogo da magunguna kamar Suwizalan, dole lambarta ta fi ta mai narka ƙarfe sauƙi, ba don ta fi ta hankali ba. Saboda haka ni ba na roƙon Najeriya ta rage shan makamashi. Ina so ta sha ninkin-ba-ninkin abin da take sha yau, amma kowace lita da kowane yunit su fito da abin da za a gani. Haka Sin ta yi: daga 1990 zuwa yau makamashin da take ƙonawa ya ninka sau da yawa, amma abin da take ci kafin ta samar da dala ɗaya ya ragu da fiye da rabi.

Japan ta fi ba ni sha'awa, don ita wuya ce ta koya mata. Kusan duk man da take amfani da shi daga waje take sayowa. Da ƙasashen Larabawa suka taƙaita fitar da mai a 1973, farashi ya yi tashin gwauron zabi, ta ji a jikinta. A 1979 ta kafa dokar tsimin makamashi. A ƙarshen shekarun 1990 ta ƙaro wata dabara mai sauƙin fahimta: a duba firji ko mota ko na'urar sanyaya ɗaki da ta fi kowace tsimi a kasuwa, a ce nan da 'yan shekaru kowane kamfani sai ya kamo ta. Mu kuwa kasuwanninmu sun zama masaukin tsofaffin firji da injinan da wasu ƙasashe suka gama cin moriyarsu. Talaka ya saya da araha, ya yi shekara biyar yana biyan bambancin a kuɗin wuta.

Mu ma mun samu tamu 1973 ɗin, ranar 29 ga Mayun 2023, da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi. Lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki. Masu goyon bayan matakin suna cewa mai mai araha yana koya wa mutane ɓarna, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma tsada ita kaɗai ba ta sauya janareta ta mayar da shi tashar wuta. Idan ka tsananta farashi ba ka ba mutum mafita ba, aikin zai rage, ba ɓarnar ba. Na ga manoman da suka rage faɗin fadamar da suke nomawa. Na ga mai injin niƙa a unguwarmu yana ce wa yara su aje kwanukansu sai sun taru sannan ya tayar. Saudiyya ma ta ɗaga kuɗin mai da na wuta a 2018, amma kafin nan sai da ta buɗe asusun da ke tura wa gidaje masu ƙaramin ƙarfi kuɗi a kai a kai. A lokacin da manominmu ke auna fetur da gora, Najeriya na nan cikin ƙasashe goma da suka fi ƙona iskar gas a banza a bakin rijiyoyin mai, bututun iskar gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano mai kilomita 614 da aka ƙaddamar da aikin shimfiɗa shi a Yunin 2020 kuma Arewa ta daɗe tana zuba masa ido.

Abin da ke ƙarfafa mini gwiwa shi ne na ga da idona yadda mutanenmu ke sauyawa da kansu in abin ya zo daidai aljihunsu. Wa ya yi gangami kafin a bar tsohon ƙwan lantarki mai jan haske da zafi? Babu. Mutane sun ga sabon mai wat tara yana ba da hasken da mai wat sittin ke bayarwa, suka koma. Ka ɗauki alƙalami: ƙwai dubu ɗari biyu da aka sauya haka sun tsimi kimanin megawat goma. Daidai ƙarfin da aka tsara wa tashar iska ta Lambar Rimi ke nan, mai fankoki 37, wadda aka faro tunaninta tun Malam Umaru Musa 'Yar'aduwa yana gwamna, aka shafe sama da shekara goma ana jiran ta. Ina son tashar nan ta yi aiki, ina son a gina irinta goma. Amma megawat ɗin da aka tsima a ɗakunan mutane bai jira kwangila ba, bai buƙaci a sayi fili ba.

Don haka in da za a tambaye ni, kuɗin da gwamnatin jiha da ƙananan hukumomi ke warewa da sunan tallafin sana'a, da an karkatar da kaso mai tsoka zuwa bashi mai sauƙi na injin ban-ruwa mai aiki da sola, da murhu mai tsimin itace ga makarantun kwana da gidajen burodi da masu abincin sayarwa, da sola ta haɗin gwiwa ga layin teloli da masu walda da masu niƙa a kasuwanni. A bar raba janareta a wajen taro ana tafi. Kuma duk ɗan takarar da ya zo ya ce zai kawo megawat kaza, a yi masa tambayar ƙanena: wanda ake da shi yanzu, nawa ne ke isa shago, nawa ne ke zubewa a hanya?

Shi Yaya ya riga ya je an yi masa lissafin sola da batir da za su ja kekunansa, ban da dutsen guga, wanda ya ce zai koma na gawayi da daddare. Kuɗin ya yi daidai da abin da yake kashewa a fetur cikin ƙasa da shekara biyu, na duba littafin da kaina. Matsalar ita ce na fetur kullum ake biya kaɗan-kaɗan, na sola kuwa a dunƙule ake so, kuma har yanzu bai samu wanda zai ba tela bashin shekara biyu ba tare da takardar gida ba. Ya shiga adashi da abokan sana'arsa su goma. Kwasarsa sai bayan Babbar Sallah, wato azumin bana ma da janareta za a yi shi.